Su a kan duwatsun teku: amsoshin tambayoyinku kan kayan da ya kamata a saya

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Masuntanmu na Lagdo da Maga da bakin Logone da Shari suna gangarawa kudu, Kiribi da Limbe a gaɓar tekun Kamaru, suna tarar da wani salon su da ba su saba da shi ba. Ana kashe inji, a bar iska da ruwa su ja jirgi a hankali ta saman duwatsun da ke ƙarƙashin teku, ƙoto yana tafe dab da dutse. Yawancin masu tambaya sanda da injin naɗi suke son a zaɓa musu. Mu kuwa abin da muka fi damuwa da shi shi ne gudun jirgin, domin shi ke kamo kifi, shi kuma ke cinye kaya.

Daga Lagdo: "Assalamu alaikum. Na daɗe ina mamari da fatsa a nan. Ƙanena da ke Kiribi ya ce in zo mu haɗa hannu. Kayana za su yi, ko sai na sayi sanda mai inji?"

Wa alaikumus salam, Malam. Mamarinka ka bar shi a gida. Ɗaruruwan ƙugiyoyi a kan dutse, ruwa yana tafiya da su, ba za su kai awa guda ba sun sarƙe. Taru ma haka, in ya hau dutse sai dai a yanke shi a bar shi, ya ci gaba da kashe kifi a banza. Abin da za ka tafi da shi hannunka ne da ya san cizon kifi, wannan kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Gaɓar Kamaru ba ta da murjani mai yawa, saboda manyan koguna irin su Sanaga da Wuri da Nyong suna zubo laka da ruwan daɗi. Inda ake wannan su, dutse ne a ƙasa: a Limbe baƙin dutsen aman wuta na Dutsen Kamaru, daga Kiribi zuwa Kampo kuma tsofaffin duwatsu masu kaifi da ramukan ɓuya. A cikinsu jan kifin da ake kira karp ruj yake zaune, da meru mai faɗin baki, a samansu kuma karang da barakuda suna shawagi. Halin karp ruj da meru ɗaya ne: da sun ɗauki ƙoto sai su nufi rami. Daƙiƙa biyar na farko su ne duka faɗan. In ka ɗaga shi gaba biyu daga dutse, naka ne. In ya shige, zare zai goga a bakin dutse ya tsinke.

Saboda haka muna ba ka shawarar ka fara da zaren hannu, yadda masuntan wurin da dama suke yi. Ka sayi zaren roba mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2, tsawon mita 100, ka naɗe a katako ko robar naɗi. Ka yanko tsohon tub na babur ka sa a ɗan alinka da babban yatsa. Kada ka taɓa naɗe zare a hannu. Meru mai kilo goma zai iya yanka maka nama har ƙashi.

Ga yadda ake ɗaura ƙarshensa. A bakin babban zaren ka sa majuyi, wato ɗan ƙarfen nan da ke juyawa don kada zare ya murɗe. Daga majuyin ka ɗaura zare mai milimita 0.80, tsawon gaba ɗaya da rabi. A jikinsa ka fitar da rassa biyu, kowanne santimita 10 zuwa 12, tsakaninsu kamu guda. Tazarar nan dole ta fi tsawon rassan biyu a haɗe, in ba haka ba ƙugiyoyin za su riƙa kama juna. A can ƙasa sai dalma, amma kada ka ɗaure ta da wannan zaren mai ƙarfi. Ka sa mata siriri, milimita 0.35 zuwa 0.40, taƙi biyu. Dalma ce ke fara maƙalewa, kuma in ta maƙale siririn ne zai tsinke, ka ɗago da ƙugiyoyinka, wani lokaci har da kifi a kai. Wannan ɗan guntun zaren ya fi kowane abu a jakarka cece maka kuɗi.

Ƙugiya kuwa, lamba 4/0 zuwa 7/0, ka nemi mai bakin da ya lanƙwaso ciki kamar zai taɓa jikinta. Ba ta cika kama dutse ba, kuma a gefen baki take kama kifi. Sai dai tana da sharaɗi: ba a fizgarta. In ka ji nauyi, ka ja a hankali har zaren ya miƙe, ita za ta zauna da kanta. Wanda ya saba fizgar tarwada zai yi ta zare ta daga bakin kifi a kwanakin farko. Ƙugiyoyin da ka saba saye a kasuwar Garwa ba a yi su don gishiri ba, kwana biyu sun yi ja. Ka nemi masu rufin kuza ko baƙin fenti, ka wanke su da ruwan daɗi kullum, kuma kada ka mayar da jiƙaƙƙiya cikin sababbi.

Sanda mai inji tana da ranarta, musamman in zurfi ya wuce mita 30. In ka tara kuɗi, ka sayi gajera mai ƙarfi, mita 1.8 zuwa 2.1, da injin naɗi mai lamba 6000 zuwa 8000. Doguwar sandar jifa daga bakin gaɓa ba ta da amfani a cikin kwale-kwale. Birkin injin ka saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Awonsa ba wuya: zare mai ɗaukar kilo 20, ka rataya masa galan mai lita 5 cike da ruwa, birkin ya riƙe shi, ya fara saki in ka ɗan girgiza.

Daga Marwa: "Ni malamin makaranta ne, hutuna Yuli da Agusta. Na ga a intanet Turawa a wannan lokacin suke fita. In sayi tikiti?"

Malam, abin da ka gani gaskiya ne a Faransa ko Amurka, inda watannin nan su ne na ɗumi da kwanciyar teku. A gaɓarmu su ne watannin da teku ya fi tashi. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ke busawa, manyan raƙuman ruwa suna tahowa daga can kudancin Atlantika. A Limbe da Duwala kuma tsakiyar damina ce. Ƙauyen Debunca da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Kiribi ta ɗan bambanta, ruwan sama yakan tsagaita a Yuli da Agusta, amma tekun bai san da wannan ba.

In kana da zaɓi, ka jira hutun Disamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu teku ya fi kwanciya, ruwa ya fi haske domin koguna sun ja. In kuwa Yuli da Agustan ne kawai, to Kiribi, kuma ka ware kwanaki da yawa, domin akwai ranakun da mai jirgi zai duba teku ya ce ba a fita. Kada ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana.

Ka kuma duba kwanan wata na Musulunci kafin ka tsayar da rana. Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wajen tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyu bayansu, ruwa ya fi gudu. Wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, ya fi sanyin tafiya, kuma su ne kwanakin sabon shiga. A fita bayan sallar asuba a dawo kafin azahar, domin da rana ta take iskar teku ke tasowa. Wurin da ya fi haɗari ma ba tsakiyar teku ba ne, bakin kogi ne, lokacin da ruwa ke janyewa yana karo da raƙuman da ke shigowa. Ka ci abu mara maiƙo, ka sha maganin jiri awa guda kafin shiga jirgi, in ka fara jin tashin zuciya ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa.

Daga wani ɗan Kuseri da ke Limbe: "Kullum sai na yi asarar dalma kusan goma, kuma zarena kwanciya yake yi a bayan jirgi. An ce in sayi mai rabin kilo."

Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar ya ga ciwon amma bai gano inda yake ba. Jirginka ne ke gudu fiye da kima. Gudun da ake so shi ne kilomita 1 zuwa 2 a awa, iyaka 2.5, wato ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. A kilomita 2, dutse mai faɗin mita 200 minti shida kacal za ka yi a kansa. In iska ta ninka gudun, kafin dalmarka ta sauka ka wuce kifin.

Ka dubi zarenka inda ya shiga ruwa. In yana tsaye, ko ya ɗan karkata, dalma tana sauka a kan dutse ta sama, ka ji ta ce ƙwas, ka ɗaga ta kamu biyu. In ya kwanta har ya wuce rabin hanya tsakanin tsaye da saman ruwa, dalmar jan ciki take yi, tana leƙa kowane tsagi har ta sami wanda zai riƙe ta. Kuskuren da ke biyo baya shi ne ƙara sakin zare don a sake jin ƙasa. Kowace gaba da ka ƙara, kwanciyar ƙaruwa take yi. In zare ya kwanta, naɗe shi za ka yi ka sake saukarwa, kuma ka jefa dalmar ɗan nesa ta ɓangaren da jirgi ya dosa, yadda kafin ta kai ƙasa jirgin ya iso kanta.

Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne angar buhu, wato buhun da ake saki a ruwa don ya rage gudun jirgi, kuma da wuya ta ci maka kuɗin dalmar kwana biyu. Ka sami buhun shinkafa mai kilo 50, ka ɗinka tiyo mai kauri ko waya a bakinsa don ya zauna a buɗe. A gindinsa ka yanke rami mai faɗin tafin hannu. In babu ramin, buhun zai riƙa juyi yana murɗe igiya. Ka ɗaura igiyoyi huɗu masu tsawo ɗaya, kowacce kamar gaba guda, a kewayen bakin, ka haɗa su a kan igiya mai mita 10 zuwa 15. A sama ka sa ɗan galan don kada ya nutse, a ƙasa ɗan ƙarfe don bakin ya tsaya. Sannan ka ɗaura wata siririyar igiya a gindin. Da ita ake jawo shi, ruwan ya zube ta baki. Wanda ya ja ta babbar igiya yana jan buhu cike da ruwa ne, zai gaji tun ana hantsi. Jirgi mai mita 8 ko 9 yakan buƙaci buhu biyu in iska ta yi ƙarfi. A goshin jirgi ake ɗaure shi, ko a ɗan gefe kusa da goshi in teku na kwance. Ban da baya. Jirgin da aka riƙe ta baya raƙumi ɗaya ya isa ya cika shi.

Ka sani dai angar buhu iska take yaƙa. In ruwan ne da kansa ke gudu, buhun zai tafi tare da shi. A nan sai ka jira lokacin da ruwa ke shirin juyawa, kamar awa guda kafin ya gama cikowa ko janyewa da awa guda bayan nan, ko kuma mutum ɗaya ya riƙe filafili yana tare jirgin.

In gudu ya daidaita, dalmar giram 60 zuwa 80 ta isa a zurfin da bai kai mita 15 ba, 100 zuwa 150 har zuwa mita 30, sai 200 zuwa 250 in an doshi mita 50. Ka zaɓi doguwa siririya. Mai kusurwa huɗu ta yashi ce, a dutse kama take yi. In dalma ta yi tsada, rodi na gini yana maye gurbinta: mai milimita 12, santimita 15 yana ba da giram 130 da ɗoriya, mai milimita 16 kuma santimita 10 yana kusan giram 160. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ruwa ya fi jansa, amma ba ka jin zafin barinsa a ƙasa. Narka dalmar tsohon batir a tukunyar gida kuwa a daina, hayaƙinta da ƙurarta guba ne, yara suka fi cutarwa.

In kana da sanda mai inji, kitsattsen zare mai milimita 0.30 yana da ƙarfin zaren roba da ya ninka shi kauri, ruwa kuma bai cika jansa ba, sai ka rage dalma. Amma ba ya jure gogar dutse, dole ka sa masa zaren roba gaba biyu ko uku a gaba, kuma ba a yin zaren hannu da shi. In ya maƙale, ka naɗe shi a guntun itace ka ja.

Daga wata Hajiya a Injamena: "Ina so in saya wa ɗana injin jirgi ya nemi na kansa a Kiribi. Doki 15 ko 40? Akwai na hannu da ya yi aiki a Shari, mai shi ya yi mini sauƙi."

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya sa yaron ya riƙe amana. Inji ana zaɓensa ne da girman jirgi da nisan tafiya. Kwale-kwale mai mita 7 zuwa 9, mutum biyu ko uku, duwatsun da ba su wuce tafiyar awa guda ba, doki 15 ya wadatar. In an buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 7 a awa, mai doki 40 kuma kusan lita 20. Su irin wannan yawancinsa inji a kashe yake, amma ana tayar da shi sau da yawa don komawa saman iska a sake bi ta kan dutsen. Abin da ake buƙata ke nan inji mai tashi bugu ɗaya. Yamaha Enduro ya fi yawa a gaɓar, kowane makanike ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna samuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa a kan wani mai araha da za a jira masa kaya daga Duwala.

Na hannun da ya yi aiki a Shari ba abin gudu ba ne. Injin ruwan daɗi yakan fi sa'ansa na teku lafiya, tunda gishiri bai ci shi ba. Amma yashi yana cinye robar famfon da ke zagaya ruwan sanyaya inji. A tafi da makanike naku, ba na mai sayarwa ba. A tayar da injin cikin durom tun yana sanyi, a ga ruwa yana fita ta ɗan raminsa da ƙarfi ba yankewa. A kwance kusar man giya ta ƙasa: in man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa na shiga, akwai gyara a gaba. A auna matsin silinda biyun, kada su yi nisa da juna. A kuma auna tsawon ƙafar injin, domin akwai gajere mai kusan santimita 38 da dogo mai kusan 51, kuma katakon bayan jirgin ne zai nuna wanda ya dace. Gajere a jirgi mai tsawon baya, farfela za ta riƙa fita daga ruwa duk lokacin da raƙumi ya ɗaga jirgin. Lambar jikin injin ta yi daidai da ta takarda, in an kankare ta ki bar shi komai sauƙinsa.

Kafin ya taɓa teku a sa sabuwar robar famfo, a kuma duba ɗan dunƙulen ƙarfen nan mai launin toka da ke kusa da farfela. Aikinsa gishiri ya ci shi a maimakon jikin injin. Ba a shafa masa fenti, in ya cinye rabi a canza. Kowace dawowa a tayar da injin minti biyar zuwa goma a durom na ruwan daɗi. Man haɗi a bi abin da littafin injin ya ce. In 50 da 1 ne, rabin lita ke nan a lita 25 na fetur. Fetur ɗin kuma a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi.

Jirgin kansa a can za a saya ko a sa a sassaƙa. Namu na tafki mai shimfiɗaɗɗen ciki da gajeren gefe ba na raƙuman teku ba ne. Sannan, Hajiya, kafin ki biya kuɗin inji ki cire na rigunan ceto, ɗaya ga kowane mutum, masu soso a ciki, masu abin wuya da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da usur a jiki. A kan wannan ba mu da sassauci ko kaɗan. Iya iyo a Shari ba ya ceton wanda jirgi ya kife da shi kilomita biyar daga gaɓa. A ƙara da anga ta gaske mai igiya ninki uku na zurfin wurin, filafili biyu, bokitin kwarfa ɗaure da igiya, tocila, ruwan sha, da waya a cikin leda. Ya je ofishin ma'aikatar kiwo da kamun kifi ya yi takardar izini, ya yi wa jirgin rajista. Kuma ya fara yin watanni a jirgin wani ɗan gari kafin ya riƙe nasa. Batanga da Mabi sun gaji wannan ruwan kaka da kakanni.

Daga Maga: "Na'urar auna zurfi ko GPS, wanne zan fara saye?"

GPS, kuma wataƙila yana aljihunka. Wayar zamani tana gane inda take ko babu sabis, muddin ka sauke taswirar tun kana gari. Da ita za ka ga gudun jirgi, ka ajiye alamar inda kifi ya ci, ka ga layin da ruwa ya ja ka don ka koma farkonsa. In za ka koma, ka yi zagaye nesa da dutsen, kada ka bi ta kansa da inji a ruwa mara zurfi, ka kashe tun kana mita 100 ta saman iska.

Na'urar auna zurfi tana da amfani wajen neman sabon dutse, mai allon inci 4 ko 5 ta isa, da ƙaramin batir mai bolt 12 a cikin akwatin roba. Gishiri ta bakin wayoyi yake kashe ta, a riƙa shafa musu giris. Kafin ka same ta, dalma na gaya maka abin da ke ƙasa: laka tana riƙe ta ta saki a hankali, yashi ya yi laushi, dutse ya yi ƙara har hannunka. Ka koyi kuma ɗaukar alamu biyu-biyu a tudu, kamar doguwar bishiya ta daidaita da ƙarfen sabis a gefe guda, wani gini da kan tsauni a ɗaya gefen, don ranar da caji ya ƙare.

Akwai inda ba a zuwa ko kifi na tsalle. Bututun man da ya taso daga Doba, kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, a tekun Kiribi ya ƙare, kuma kewayen jirgin ajiyar man a tsare yake. Haka mashigar babbar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018. Wajen Kampo kuma akwai yankin teku da gwamnati ta keɓe, inda kunkurun teku ke hawa yin ƙwai a Eboje. A tambayi iyakokin kafin a fita.

Daga Garwa: "Na ga ƙoton roba da na ƙarfe masu ƙyalli. Sun fi na gaske?"

Ga mai neman abinci, a'a. Bonga da shawa ɗanyu, da jatan lande, su ne kan gaba. A fere gefen kifin a yanka shi dogo siriri, santimita 8 zuwa 10, a soka ƙugiya sau ɗaya a ƙarshensa mai faɗi ta cikin fata, sauran ya riƙa kaɗawa. In aka dunƙule shi a ƙugiya juyi zai yi ta yi, ya murɗe reshen, kifi kuma ya ƙi shi. In ƙoton ya yi laushi, a barbaɗa masa gishiri ya kwana. Na ƙarfe mai giram 80 zuwa 150 yana kama karang da barakuda, amma da sanda ake aiki da shi, kuma kowane maƙalewa kuɗi ne. In ka saya, ka cire ƙugiya mai baki uku da ke gindinsa ka sa guda a kansa. Ranar da ka ga zare yana dawowa a datse sumul, barakuda ce. Ka sa waya santimita 30. Sauran ranaku ka cire ta, karp ruj yana ƙyamarta.

Daga wata 'yar kasuwa a Ngaundere: "Zan iya kawo ɗanyen kifin nan arewa in sayar?"

Za ki iya, Hajiya, amma ribar a ƙanƙara take, kuma tun daga cikin jirgi ake fara ta. Kifin da ya yi awa huɗu a rana a ƙasan kwale-kwale, ƙanƙarar da aka zuba masa daga baya ba ta dawo da shi. Ki yi yarjejeniya da masuncin da ke fita da ƙanƙara. Da kifi ya hau a yanka maƙogwaronsa jini ya fita, a tsoma shi a haɗin ƙanƙara kashi biyu da ruwan teku kashi ɗaya. A tudu a cire hanji da zakara-zakaran kunne, a wanke, a cusa ƙanƙara a ciki. In kin ga kifi da tumbi a baki da idanu a waje, ba lalacewa ba ce, iskar cikinsa ce ta kumbura da aka ɗago shi daga zurfi. Abin dubawa shi ne cikin kunnen kifin ya kasance ja, da naman da in kin danna yake dawowa.

Ba sai kin sayi sabuwar kula mai tsada ba. Mataccen firiza na kwance yana yi, a huda masa rami a ƙasa don ruwan narkewa ya riƙa fita, domin kifin da ya kwanta a cikinsa yana saurin ɓaci. Kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, dakakkiya, a jera hawa-hawa: ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara, har a rufe da ita. Daga Kiribi sai an bi mota ta Edeya zuwa Yawunde, sannan jirgin ƙasa ya kwana a hanya kafin Ngaundere, don haka ki tanadi wanda zai ƙara ƙanƙara a Yawunde. Karp ruj da meru da kifin da ake kira bar suna jure wannan tafiyar. Dangin tuna da makarel ki bar su, domin in suka ɗumama suna tara wata guba da dahuwa ba ta kashewa, mai sa ƙaiƙayi da ciwon kai da gudawa.

Ki kuma yi lissafi kafin ki ɗaure kaya. Otal-otal da masu gashi a Kiribi suna biyan karp ruj da kyau, ke kuma a arewa za ki yi gasa da giwan ruwa da karfasar Lagdo da mutane suka saba da su. Ki fara da firiza ɗaya, bayan kin sami masu gidajen abinci biyu ko uku da suka ba da kafin alƙalami. Bonga da mashwaron, wato kifin nan mai kama da tarwada, kuwa bandarsu za ki saya, ki duba sun bushe har ciki ba ƙwari, ki jera su a kwali mai ramukan shan iska, ban da leda.